Asabarin da Na Naɗe da Danshinsa

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Matar ɗana ce riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, muna zaune a barandar bene a Nguru. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, kada kuma ta rage inda ta ga na muzanta kaina. Ita ce wadda na zalunta. Na ɗora mata laifin abin da hannuna ya aikata, surukinta ya koma ga Allah yana zaton ita ce, kuma har yau danginsa a Gashua da wannan laifin suke kallonta. Takardar nan can za a kai a karanta musu, ina zaune a tsakiyarsu.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, masunci ne tun yana saurayi. Da ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, sai ya koma ga sana'ar da ya koya wurin kawunsa, wato saƙar asabari. In damina ta wuce yakan tafi wajen Dagona ya yanko ciyawar tsaure, ya shanya a tsakar gida, ni kuma in tufka masa igiyar kaba. Ya kafa turaku, ya ja igiya layi biyar, yana sa tsaure ɗai-ɗai yana murɗawa. Asabarinsa ba ya karkacewa, ba ya kuma yin giɓi. Duk wanda ya saya, sai ya bi shi har ƙofar gida da magana ɗaya: in ya jiƙe, a bar shi a rataye ya bushe, kada a kuskura a naɗe shi da danshi. Na ji wannan magana fiye da yadda na ji sunana. Yaranmu ma in suna wasa sukan kwaikwayi muryarsa da ita.

Da wannan sana'a, da ɗan bandar kifi da nake yi, muka yi wa ɗanmu na fari karatu. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. Ya samu aiki a Nguru, ya auri malamar makaranta, 'yar gidan ma'aikata daga Damaturu. Ranar da muka je ɗaurin aure, muna shiga wurin mata, wata gwaggonta mai fara'a da yawan zolaya ta ce dangin ango sun iso, ƙamshin banda ya riga su yin sallama. Aka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu na san wasa take yi, haka take yi wa kowa. Amma ni na dawo gida na wanke mayafin da na je da shi sau uku, kuma maganar ta zauna mini a ƙirji shekara tara.

Bara ciwon ƙoda ya kama Malam maigidana, ciwon da ya ɗauke mana mutane da yawa a garinmu. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika. Ɗana ya ce mu dawo wurinsa don asibiti ya fi kusa. Muka zo a farkon bazara.

Gidan haya ne, a sama. Malam ba ya iya matakala sai ranar asibiti, shi ma sai an riƙe shi. Mutumin da duk rayuwarsa a waje ya yi ta, ko a bakin kogi ko a gindin dogon yaro, sai ga shi a ɗaki mai taga ɗaya. Barandar kuwa yamma take kallo. Da an yi azahar rana za ta shigo ta zauna a cikinta, ba ta fita sai dab da magariba. Ƙarfen jikinta ba ya taɓuwa. Bango ya sha zafi ya tura cikin ɗakuna. Wuta ba ta zuwa, fankar sola kuma iskar da ta samu ita take juyawa, mai zafi. Ga likita ya ƙayyade masa ruwan sha, ɗan kofi kaza a yini, ba ƙari. Sai in ga yana kallon randa kamar yadda ake kallon mutumin da aka yi kewa.

Bai yi mako biyu ba ya ce a aika wa ƙaninsa a Gashua ya sako masa damin tsaure da igiya a mota. Na ce, Malam, da wane hannun? Ya ce da wanda ya rage.

Da sassafe, kafin rana ta juyo, zai fita baranda ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya auna faɗin wurin da kamu, ya ce asabari uku za a yi. Yatsunsa sun yi nauyi, igiya tana suɓuce masa, in ya murɗa layi goma sai ya jingina ya huta. Aikin da a da yake yi a kwana uku ya ɗauke shi kusan mako uku. Ranar ratayawa ɗana ne ya hau kujera, uban yana daga ƙasa yana ba da umarni. Ya ce ta wajen ƙarfe za a sako shi, ba ta ciki ba, don rana ta tsaya a jikin tsaure tun ba ta taɓa ƙarfen ba. A bar masa taƙi ɗaya daga ƙasa iska ta samu hanya. Ɗana ya yi ƙulli ya kwance, ya sake ya kwance. Malam ya ce, ashe duk takardun nan da aka tara babu wadda aka koyar da ɗaurin igiya a ciki. Rabon da in ji su suna dariya tare na manta.

Sai kuma abin da ya fi. In an yi azahar a cika buta a yayyafa wa asabarin ruwa. Iskar da ta biyo ta cikinsa sai ta fito da sanyi, da ƙamshin ciyawa jiƙaƙƙiya, kamar kana bakin kogi. Wurin ya yi duhu-duhu, haske yana shigowa siri-siri. Ruwan da aka hana shi sha, sai ya zama yana shan sa ta fata.

Matar ɗana ce ta ɗauki wannan aiki ba wanda ya sa ta. Lokacin tana da tsohon ciki na uku. Ta dawo daga makaranta a gajiye, ta ajiye jaka, ta cika buta, ta jiƙa asabarin, ta shimfiɗa masa tabarma da matashi, sannan ta shige kafin ya fito. Tsakaninsu akwai kunya irin ta suruki da suruka. Ba ta zama inda yake. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Duk abin da zai faɗa mata, ni yake faɗa wa. Duk abin da za ta tambaye shi, ni take tambaya. Ni ce hanyar da ke tsakaninsu, babu wata. Wata rana ya ce mini, 'yar nan tana da lura, daga sama take fara zuba ruwan, ba wanda ya koya mata.

A bayan asabarin nan ya yi kwanakinsa masu daɗi na ƙarshe. Yana ganin titi ta tsakanin tsaure, ba mai ganinsa. Ya ƙirga motocin shanu da suka fito daga wajen Kumagannam, ya yi wa masu kurar ruwa sharhi, ya ce wancan ragon zai kifar da jarkokinsa kafin ya kai kwana. Jikokinsa biyu su zo su kwanta a gefensa. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a zaune, carbi a hannu.

Ni kuwa, in na dawo daga kasuwa na ɗaga kai, sai in yi saurin sunkuyar da shi. Sauran gidajen layin duk gilashi ne da labule. Namu kaɗai ne kamar an ɗauko rumfar mai banda daga kasuwar Gashua an ɗora a sama. Ba wanda ya ce komai. Matar da ke ƙasa ma tambaya ta yi ko Baba zai saƙa mata. Amma ni abin da nake gani daban ne. Ina ganin ɗana da ya yi karatu ya hau bene, mu kuma mun biyo shi da ƙauyancinmu mun rataya masa a goshi.

Ranar da matar ɗana ta haihu ta zo daidai da ranar ganin likitan Malam, duk suna asibiti. Da na ga uwa da jaririya lafiya, na dawo gida ni kaɗai don in ɗora ruwan zafi da abinci. Aka yi azahar, na ga butar a inda take ajiye ta, na ɗauka na jiƙa asabarin sharkaf, don in ya dawo ya samu wurin da sanyi. Ban gama ajiye butar ba ɗana ya kira a waya. Ya ce danginta sun taso tun safe, har sun wuce Gashua, da la'asar za su iso. Ya ce har da gwaggon, ita za ta zauna yi wa mai jego wanka.

Na tsaya a barandar ina jin ruwa yana ɗiga. A raina na ga gwaggon nan tana saukowa daga mota, tana ɗaga kai, tana buɗe baki. Har na ji abin da za ta ce da dariyar da za a yi.

Na shiga kicin na ɗauko wuƙa. Ban tsaya kwance ƙulli ba, yankewa na yi. Na jawo su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe, ruwa yana bin hannuna har gwiwa. Ina naɗewa ina jin muryarsa a kunnena, kada a naɗe da danshi. Na ce a raina kwana biyu ne, in an yi suna sai in fito da su. Na samu buhunan taki biyu na cusa guda biyu, na ɗaure baki tam don kada a ga ko mene ne. Na ukun ban samu buhu ba, na jingine shi a tsaye bayan ƙofar siton da ke ƙarƙashin matakala. Na hau na goge ruwan da ya zuba, na share ɓurɓushin tsaure.

Malam ya riga baƙin isowa. Ɗana ya hawo da shi ya koma asibiti. Ya tsaya a bakin baranda yana haki, rana ta cika wurin fal. Ya juyo ya dube ni.

Na ce, “'Yar nan ce ta ce a cire. Danginta za su zo.”

Ban shirya wannan magana ba, amma ba zan ce ta suɓuce mini ba. Na san abin da na dogara da shi. Na san ko sama za ta haɗe da ƙasa ba zai tambaye ta ba, ita ma ba za ta tambaye shi ba. Kunyar da suke yi wa juna, wadda ya kamata in tsare musu, ita na ɓuya a bayanta.

Ya sake duban barandar. Can ya ce, “Ai gidanta ne.” Ya dafa bango ya shiga ɗaki.

Da aka sallamo ta, ta ga barandar tsirara, ta tambaye ni. Na ce Baba ne ya ce a sauke saboda baƙi. Ta ce ai da an bar shi, wa zai damu. Na ce kin san halin tsofaffi. Ɗana kuwa na ce masa an cire ne don hidimar suna, bai bi diddigi ba, kansa ya yi zafi da rago da masu zuwa barka. Bayan suna ya ga uban ba ya fita, sai ya sayo wani koren labulen roba ya ɗaura ta ciki. Wannan ya tare hasken, ya tare iskar, ya riƙe zafin. In ka shiga kamar ka sa kai a tukunya, ga warin roba. Malam ya gwada zama rana ɗaya, bai kai ƙarshen carbi ba ya ce in tashe shi.

Daga nan sai ɗaki. Watan da ya fi kowane zafi, a kwance ya yi shi, yana kallon silin. Ina jiƙa tawul ina shafa masa a wuya da ƙirji, kafin in juya ya bushe. Leɓɓansa suka tsattsage. Bai taɓa ce mini ina asabarina ba. In matar ɗana ta zo gaishe shi daga bakin ƙofa, yana amsawa, yana sa mata albarka, amma 'yar zolayar da yake aika mata ta bakina, ya daina. Ita kuma ta zaci hayaniyar baƙi ce ta dame shi, ko ta yi wani abin da ya ɓata masa rai. Sau biyu ta tambaye ni. Na ce jiki ne kawai.

An yi suna, baƙi sun watse, gwaggo ta zauna. Kullum in ce gobe zan fito da su, kullum in gan ta a tsakar falo tana fifita da murfin kwano, sai in fasa.

A cikin kwanakin nan ƙanin Malam ya zo duba shi. Shi ya aiko da tsauren, don haka yana hawowa ya leƙa baranda. Da zai tafi na raka shi, a kan matakala ya tambaye ni ina aikin yayansa. Ƙarya in ta samu wurin zama sau ɗaya, ta biyu ba ta da wuya. Na maimaita masa abin da na faɗa wa Malam. Ya girgiza kai, ya ce ba komai. Ya tafi da ita Gashua.

Mako uku da haihuwa, wata rana da la'asar, gwaggo ta ja tabarma ta fita baranda neman iska. Ba ta daɗe ba ta dawo tana sharce gumi. Ta dube ni ta ce, “Ke kuwa 'yar Gashua, an ce mini mijinki duk yankin nan ba wanda ya kai shi saƙar asabari. A gidan masaƙi za ku bar mu muna gasuwa kamar kifinku? Ni da na zo da niyyar in roƙi biyu in tafi da su.”

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na jira ta shiga wurin mai jego, na sauka sito.

Tun kafin in kwance buhun farko warin ya gaya mini. Tsauren ya yi baƙi, fumfuna ta rufe shi fari-fari kamar auduga. Na ja gefe ɗaya, igiyar da na tufka da hannuna ta rabu kamar dafaffiyar taliya. Na biyun ya fi lalacewa. Na zauna a ƙasan siton nan, a kan ƙura da tsofaffin kwalaye, na rasa ko kukan zan yi. Na ukun, wanda ban samu buhun da zan ɓoye shi ba, shi kaɗai ya sha iska ya bushe. Gefensa ɗaya ne ya ɗan yi dabbare-dabbare.

Na hau da shi. Ɗana ya dawo ya cire robar ya rataya shi ta waje, yadda aka koya masa. Gwaggo ta shafa saƙar ta ce kai, wannan hannu. Na shiga na ce wa Malam an mayar. Ya tambayi sauran biyun, na ce sun lalace. Ya ce da danshi aka naɗe? Na ce e.

Ya lumshe ido, ya ce, “Ai ba ta sani ba. Ba a cikin sana'ar ta tashi ba.”

A nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ya buɗe ta warai. Ba kowa a ɗakin sai ni da shi. Kalma uku ce, ni ce, Malam. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ya ga wautata iri-iri, ba wadda ya kore ni a kanta. Amma na ji nauyin ya san cewa ni, wadda ta ci ta sha da tsauren nan, wadda aka yi wa zanen salla da kuɗinsa, ni ce na ji kunyar a gan shi. Na gyara masa matashi na fita.

Asabari ɗaya ba ya rufe baranda mai cin uku. Rana tana zagayowa ta gefe. Inuwar ta zama siririya, tana matsawa, mai zama yana binta da tabarma. Sau uku aka fito da shi. Ya sa na kawo masa ragowar tsauren, ya riƙe igiya, yatsun suka ƙi. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce in mayar. Bayan haka bai ƙara iya tashi ba.

Ya rasu da hantsi a asibiti, kwana huɗu kafin ruwan farko. Aka kai shi Gashua aka rufe kafin la'asar. Ban ce zafi ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, likita ma ya riga ya gaya wa ɗana. Amma kwanakin da suka rage masa, da a inuwa zai yi su, yana jin ƙamshin bakin kogi, yana tsokanar masu kura. Ni na hana shi.

A wurin zaman makoki na ga abin da ƙaryata ta haifa. Wannan baiwar Allah ta zo da jaririya a baya, ta yi ta hidima, ta ɗebi ruwa, ta raba abinci. Matan dangi suna amsa gaisuwarta a taƙaice. Ƙanwar Malam ta ƙi karɓar kwano daga hannunta, ta ce da wata, a inda za ta ji, masu bene ai ba sa son ganin ciyawa. Ta zo ta same ni a ɗaki idonta ya cika, ta ce, Inna, me na yi musu? Na ce baƙin ciki ne yake sa su, ki yi haƙuri. Ina cikin kayan takaba na faɗi haka.

Ɗana bai yarda in zauna ni kaɗai a Gashua ba, a nan Nguru na yi takaba. Wata huɗu da kwana goma ba na fita. Ina zan zauna in sha iska ba tare da mazan titi sun gan ni ba? A bayan asabarin nan guda ɗaya. Abin da na yanke na ɓoye don kada a gan shi, shi ya rufa mini asiri. Duk ranar da aka yi rana, matar ɗana za ta dawo daga makaranta, ta cika buta, ta fara daga sama, ta shimfiɗa mini tabarma a inda take shimfiɗa masa. Ta ce, Inna, fito, ya yi sanyi. Sai in fito in zauna, ƙamshin ya taso, in kama kuka. Ta zaci kewa ce kaɗai, sai ta dafa ni ta ce in yi masa addu'a. Kowace buta da ta zuba, a kaina take sauka.

Na fita takaba, sanyi ya zo ya wuce, ga bazara ta sake zagayowa. Makon jiya ne na ga ta ɗauko butar a karon farko na bana, na riƙe mata hannu na ce ta zauna. Na gaya mata wa ya yanke, da abin da na ce wa Malam, da abin da na ce wa ƙaninsa. Ta ɗauki butar ta mayar kicin a cike. Kwana biyu tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, ba ƙari. Rana ta uku ta ce, mutanen Gashua fa? Na ce zan je in faɗa, amma na san kaina, in na ga idanunsu zan rage. Ta ce to a rubuta.

Saura abu ɗaya da ban gaya mata ba, yanzu za ta ji shi tana rubutawa. Kwana biyu kafin ya rasu, da safe, ina ba shi kunu a cokali, ya ce in matso. Ya ce, “Ki gaya wa 'yar nan, maganar asabari, na yafe mata. Kada ta sa a ranta. Yarinyar kirki ce, ta shayar da ni iska.” Na ce to. Ban isar ba. In na isar, za ta ce wace magana.

A nan muka tsaya jiya. Ta ajiye biron ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji kukanta ta bango. Yau da safe ita ta fito da takardar da kanta.

Ta ce in bari ta sa tata maganar, na ce ta sa yadda ta faɗa mini. Ta ce ba cirewar ce ta fi yi mata ciwo ba, ba kuma kallon da ake yi mata a Gashua ba. Ta ce mako shida tana durƙusawa a bakin ƙofarsa tana jin muryarsa ta canja, tana komawa ɗaki tana lissafin me ta yi, shi kuma yana kwance yana fama da zuciyarsa don ya yafe mata abin da ba ta yi ba. Ta ce da na bar su da kunyarsu kawai, da sun rabu lafiya.

Ban ce ta yafe mini ba. Ba ni da bakin roƙon wannan tukuna, ita ma ba ta ce ba. Ta dai ce ranar Juma'a za ta bi ni Gashua, ita za ta karanta da bakinta a gidan ƙanin Malam, a kira ƙanwarsa da duk matan da suka zauna makoki. Na ce haka nake so. Zan zauna a tsakiya, ba zan rufe fuska ba. Ɗana ya ji komai daren da na faɗa mata, har yau bai iya haɗa ido da ni ba, amma ya ce shi zai kai mu.

Wanda ya fi cancanta ya ji, ba zai ji ba. Wannan ba takardar da za ta gyara shi. Ina roƙon Allah ya isar masa cewa 'yar nan ba ta taɓa jin kunyarsa ba, matarsa ce ta ji.

Ta ce in muka je mu tambaya ko akwai mai sauran tsauren bara, a samu wani ya saƙa biyu a cike wurin. Na ce igiyar ni zan tufka. Ta ce ba za su yi kamar nasa ba. Na ce ba za su yi ba.

An kira azahar. Rana ta fara leƙowa ta gefen da babu komai. Ta ce in dakata haka, za ta ɗauko buta.